Ramukan Gwangwani da Malam Ya Bari

Yau kwana arba'in da fitar da Malam daga wannan ɗaki namu na unguwar Kurayyat, kuma har yanzu ban ji wanda ya faɗe shi yadda yake ba. Shi ya sa na aika aka kira mini matar ɗan ƙaninsa, wadda ta yi makaranta a gida kafin a kawo ta Jidda, na ce ta zo da biro da takarda. Ni ko baƙi ɗaya ban sani ba. Na gaya mata abin da ya fito daga bakina ta sa shi yadda ya fito, in kuka ya zo mini ta ajiye biron ta jira ni.

Masu gaisuwa sun zo, ba laifi, har daga unguwannin Bani Malik da Khumra. Maza na waje a kan tabarmi, ina jiyo su ta taga. Limamin unguwa ya ce bai taɓa juyowa bayan sallar asuba bai gan shi a sahu ba. Wani tsoho ɗan Cadi da suka yi dako tare ya ce Malam bai iya faɗa ba, ko an zage shi sai ya tambayi mai zagin ko ya ci abinci. Duk gaskiya ne, amma irin maganar da ake yi wa kowane mamaci ce. A cikin ɗaki kuwa, maƙwabciyata mai sayar da kunu ta kama hannuna tana hawaye ta ce, "Allah ya ji ƙan mai ɓeraye." Sai ta toshe bakinta da mayafi. Na ga kafaɗun mata biyu suna rawa a bayanta, suna danne dariya. Can kuma wata baƙuwa da ta biyo ƙawarta ta tambaya a hankali wai wa ya rasu, aka ce mata tsohon nan ne mai wasa da gwangwani.

Shekara talatin da bakwai ya yi a garin nan, abin da ya rage masa a bakin mutane ke nan. Na kasa jin haushinsu, don ni na fara kiransa haka. Kuma akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Malam bai bar mini gida ba, bai bar gona ba. Rai guda ya bar mini amana, 'yar dabba da ba ta kai tsawon hannuna ba, ya ce in kula da ita. Labarinsa da nata ba sa rabuwa, tare zan faɗe su.

Mun zo aikin Hajji muna da sauran ƙuruciya, muka zauna, kamar yadda mutanenmu da yawa suka yi. Shekarun farko babu iƙama, takardar izinin zama. Shi da ƙaninsa suna dako a ɗakunan ajiyar kaya na Khumra, ni kuma ina bin kwandunan shara ina tsintar gwangwani da kwali da roba in kai wa masu awo. Daga baya Allah ya haɗa shi da kafili, ɗan ƙasa mai tsaya masa, ya samu takarda, ya zama mai ba furanni ruwa a wani gidan Turawa can arewacin gari. A nan ya tsufa. Shekara bakwai da suka wuce, wani Bature a gidan ya tashi komawa ƙasarsu, ya rasa yadda zai yi da wasu dabbobi biyu da matarsa ke kiwo. Malam ya taho mini da su cikin kwali, ya ajiye a tsakar ɗaki yana ta murmushi kamar wanda ya kawo mini atamfa.

Na buɗe, wari ya fara gaishe ni. Jiki dogo kamar an ja shi, ƙafafu gajeru, fuska kamar an shafa musu kwalli an wuce gona da iri. Na ce, "Malam, ɓera ka kawo mini?" Ya ce ba ɓera ba ne, feret ake ce musu, su ne ma ke korar ɓera. Na ce ko sarauta aka naɗa musu, ba za su kwana inda nake salla ba. Sun kwana. Namijin ni na sa masa Sarkin Wari, macen shi ya sa mata Siririya.

Baturen ya ba shi kejinsu, ya ƙi ɗaukowa. Kwana biyu yana zaune yana kallonsu suna kutsawa cikin hannun rigarsa, cikin ƙafar wando, ƙarƙashin tabarma, duk inda suka ga ɗan duhu. Rana ta uku ya ce mini waɗannan 'yan rami ne, mu kuwa ƙasanmu siminti, babu inda za su haƙa. Sai ya miƙa hannu cikin buhun da na dawo da shi daga yawon shara ya zaro gwangwanin madarar gari.

Ina so a rubuta yadda yake yin aikin nan, don waɗanda suka ce wasa yake yi ba su taɓa tsayawa sun gani ba.

Ba kowane mazubi yake ɗauka ba. Da farko sai ya dunƙule hannunsa ya tura ciki. In dunƙulen bai wuce a sake ba, ya mayar mini. Sannan ya shinshina. Duk robar da ta taɓa ɗaukar maganin wanke banɗaki ko na sauro ko fetur, ko sau goma aka wanke ta ba ya so. Abin da ya fi ƙauna gwangwanin madara manya, da jarkar man girki, da dogayen robobin ruwan sha. Ya wanke sau uku, ya kife su a inuwa kwana biyu. Roba da wuƙar da ya ɗumama a risho yake yanke mata kai da gindi, don bakin ya fito sumul. Gwangwani kuwa in ya cire masa gindi, sai ya ɗora bakin a kan dutsen niƙana ya bi shi da guduma a hankali, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har kaifin ya kwanta. Bai yarda da idonsa ba. Leɓensa yake sa wa bakin gwangwanin ya zagaya da shi. In ya ji ɗan kaushi, ya koma guduma. Daga nan ya naɗe bakin da tsumma, ya haɗa wannan da wancan da igiyar robar taya, ya huda 'yan ƙofofin iska a sama da ƙusa mai zafi. Inda yake son kwana, jarka yake sawa ya huda ta a gefe. A tsakiya ya sa tsohon bokitin fenti da ya kankare, ya shimfiɗa tsohuwar rigarsa a ciki, nan ne ɗakin barcinsu.

In ya gama, akwai abin da ba ya tsallakewa. Sai ya kira ni in durƙusa in kara kumatuna a baki ɗaya, shi ya je ɗaya bakin da mafici yana fifita. Ya ce, "Hajja, kina jin iska?" In na ce ina ji, ya ce to halas, ya yi. In na ce ban ji ba, ya kwance komai daga farko ko da yini ya yi yana haɗawa. Ko sau ɗaya bai yi rami mai baki ɗaya ba. Na taɓa jingina ƙarshen wani da bango ina shara, na manta ban janye ba. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ya ce, "Kada ki ƙara toshe musu mafita," da wata irin murya da ban san shi da ita ba. Na tambaye shi me ya yi zafi haka, ya tashi ya fita masallaci.

Kuma ba ya ɗaga ko guntu ɗaya sai ya ƙwanƙwasa shi da cokali sau uku. Barcin dabbobin nan nauyi gare shi, sai ka ɗauka sun mutu. Amma ƙarar cokalin ta zame musu kiran abinci, da sun ji za ka ga kai ya leƙo.

Ramin ya yi ta tsawo, ya zagaye bangon ɗaki, ya bi ƙarƙashin gado, ya hau kan akwati ya sauko. In suna gudu a ciki sai ka ce ruwan sama a kan kwano. Malam ya zauna ya miƙe ƙafa yana dariya har hularsa ta zame. Ni dai ina cewa tsoho ya koma yaro. Ƙaninsa kuwa in ya zo, a bakin ƙofa yake tsayawa ya toshe hanci ya ce, "Yaya, mutane na gina gida a Kano, kai kana gina wa tunku bene." Malam ya ce masa ai shi ma maginin ne, masu hayarsa ne dai ba sa ƙorafi.

Faɗanmu mafi girma a kan gwangwani aka yi shi. Ina da wani babba mai murfi da nake jiƙa gero a ciki, ya fi shekara goma a hannuna. Na dawo wata rana na tarar an cire masa gindi, ya zama mararraba a cikin ramin. Na faɗa masa maganganu. Na ce Allah ya ba shi 'ya ɗaya tal bai gina mata komai ba, sai ɓerayen Bature. Na ga maganar ta shige shi, ban janye ba. Kwana uku ina ajiye masa abinci ba na cewa ga shi. Rana ta huɗu na tashi fita yawon shara, na ɗauki buhuna na ji da nauyi. Ashe ƙugiya ya yi mini da ƙarfen rodi, ya naɗe mariƙin da irin tsumman da yake naɗe musu, don in daina sa hannu cikin kwandon shara gwangwani na yanka ni. Ashe ya daɗe yana lura da tabon da ke yatsuna. Haka yake ba da haƙuri. Geron kuwa a roba na ci gaba da jiƙa shi, har yau bai yi mini daɗi irin na da ba.

Zafi ne abokin gabar dabbobin nan, Baturen ya gaya masa tun farko. Muna da tsohon mukayyif guda, na'urar sanyin nan ta jikin bango, sai ya zama don su ake kunna shi. Bazarar da ta wuce wuta ta ɗauke tun hantsi, muna waje mu biyu. Da muka dawo mun tarar da Sarkin Wari ya miƙe, babu rai. Siririya ta sha da ƙyar, Malam ya yi ta shafa mata jiƙaƙƙen tsumma a ƙafafu har ta buɗe ido. Daga ranar ba ya nisa da gida in rana ta take. Ya samo buhunan algarara yana jiƙawa yana lulluɓe ramin.

Ciwonsa bai daɗe ba, ƙirji ne. Mako biyu yana kwance, Siririya na fitowa ta hau gadon ta shige hannun rigarsa ta yi barci. Ita ma ta tsufa, gashin wutsiyarta ya zube. Ana gobe zai rasu, bayan azahar, ya kira ni ya ce ya yafe mini, in yafe masa. Sannan ya ce, "Wannan baiwar Allah ba ta da kowa a ƙasar nan sai mu. Kada ki bari rana ta same ta." Na ce ya daina irin wannan magana. Ya ce in dai ce to. Na ce to.

Da gari ya waye, bayan ya yi sallar asuba a kwance, ya cika.

A nan ne nake so a rubuta da kyau, kada a sassauta mini.

Kowa ya san in an yi rasuwa sai an kwashe kayan ɗaki an shimfiɗa tabarmi, don mata su sami wurin zama. 'Yarmu ta iso daga Bani Malik idonta ya kumbura. A nan aka haife ta, Hausarta rabi Larabci ce. Ita da mata uku suka fitar da akwati, suka jingine gado. Sai suka tsaya a kan ramin, ya zagaye ɗakin kaf, ga warin da mu mun saba da shi amma baƙo bai saba ba. Har an fara sallama a ƙofa. 'Yar tamu ta durƙuso kusa da ni ta ce, "Ya Ummi, kayan Abuya, a fitar? Mutane na zuwa, aib, abin kunya ne."

Na ɗaga kai na ga matan unguwa suna leƙe suna taɓa hanci. Kunya ta kama ni. Mijina na kwance a ɗaya ɗakin ana shirin yi masa wanka, ni kuwa abin da ya dame ni kada a ce ɗakinsa na wari. Na ce, "Ku fitar."

Ban ce a ƙwanƙwasa ba. Ni kaɗai a cikinsu na san da cokalin. Suka kwance shi gida-gida, suka zuba a manyan baƙaƙen ledojin shara, suka ƙulle bakin tamau don warin ya tsaya a ciki, suka hau da su saman bene suka ajiye. Aka kunna turaren wuta. Ɗaki ya yi fes, kowa ya zo ya zauna.

Aka kai shi bayan azahar. Na zauna ana ta riƙe mini hannu, ban san inda kaina yake ba. Sai wajen la'asar aka shigo da tukunyar shinkafa, mai rabawa ta buga ludayi a bakin tukunyar don ta karkaɗe shi. Sau uku ta buga. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba.

Gwiwoyina sun yi shekara biyu ba su hau benen nan ba, ranar sun hau. Simintin saman na ƙona tafin ƙafa. Ledojin sun yi laushi don zafi, na yage ta farko da haƙori, na yage ta biyu. A ta uku bokitin fentin yake. Siririya na ciki, a naɗe cikin tsohuwar rigar. Ta yi ta karcen ledar ta ciki, na ga sawun faratanta, amma an ƙulle ta ko'ina. Da ta gaji sai ta koma wurin barcinta.

Ɗabi'arsu ce satar ƙananan abubuwa su ɓoye. A ƙarƙashinta na sami safarsa ɗaya da muka yi ta nema, da guntun asuwakinsa, da hular da yake kwana da ita. A kan hular ta ɗora kanta.

Kukan da ban yi da asuba ba a nan na yi shi. Mata suka hauro da gudu, suka ga abin da ke hannuna. Mai kunu ta ce in ji tsoron Allah, mijina aka binne yau ina kukan dabba. 'Yata ta tsaya tana cewa wallahi ba ta sani ba, ba ta sani ba. Na ce mata ba laifinta ba ne, kuma har yau haka nake cewa. Ita tambaya ta yi. Ni na ba da amsa.

Ina cikin takaba, ba halin in fita, unguwarmu kuma babu ƙasar da za a haƙa. Washegari da hantsi ƙanin Malam ya yi sallama ya tsaya bayan labule. Na ɗauka zai yi mini faɗan abin kunyar da na yi a gaban mutane. Sai ya ce in miƙo masa ita, zai kai ta Khumra, akwai fili. Na naɗe ta a rigar na miƙa. Bai tafi ba. Sai ya tambaye ni ko yayansa ya taɓa ba ni labarin bututu. Na ce wane bututu.

Ya ce a shekararmu ta biyu, lokacin ba su da takarda, masu kame suka zo wurin dako da rana tsaka. Kowa ya watse. Su biyu da wani ɗan garinsu suka shige wani bututun siminti na magudanar ruwa da aka jibge a bayan ɗakin ajiya. Suna tsammanin za su fita ta ɗaya bakin, suka tarar yashi ya toshe shi. A bakin da suka shigo kuwa mota ta zo ta tsaya. Tun kafin azahar har rana ta faɗi suna ciki, babu iska. Ɗan garin nasu shi ne can ciki. Da motar ta tafi suka jawo shi, amma bai ƙara tashi ba. Ya ce Malam ne ya ce a shiga bututun, kuma a kan hanyar gida ya sa shi ya rantse ba zai gaya mini ba, don ina da cikin 'yarmu.

Ya ce, "Duk tsiyar da nake masa a kan gwangwanin nan, na san abin da yake yi. Na kasa kallo ne."

Na tuna ranar. Ya dawo da tufafinsa jiƙe sharkaf, ya ce zazzaɓi ne, ya kwana uku bai ci abinci ba. Shekara talatin da biyar ina kwana kusa da mutumin nan ban sani ba. Shekara bakwai ina durƙusawa ina kara kumatuna a bakin gwangwani ina ce masa ina jin iska, ina yi masa dariya a raina.

To, ga Malam, ga abin da nake so a sani. Wanda ya ce mai ɓeraye ne bai yi ƙarya ba, amma ya ƙara da cewa bai taɓa barin bakin gwangwani da kaifi ba, bai taɓa ɗaga abu bai ƙwanƙwasa ba, kuma duk ramin da ya yi ya bar masa mafita. Amana guda ya ba ni, ta kwana ɗaya a hannuna. Ya yafe mini tun kafin in yi laifin, ban sani ba ko wannan yafiyar ta kai har nan. Ina roƙon Allah ta kai.

Na sa an sauko mini da ledojin. 'Yata ta ce a zubar, me zan yi da su, na ce a bar mini. Ban iya haɗa su yadda yake yi ba, guda huɗu kawai na ɗaura, suna nan gefen tabarmata. Wani lokaci bayan la'asar nakan ɗauki maficinsa in fifita a baki ɗaya. Babu mai durƙusawa a ɗaya bakin.

Malamai sun ce bawan kirki in an kwantar da shi, ana buɗe masa ƙofa a cikin kabarinsa, iskar Aljanna ta riƙa shigo masa. Ni ban san karatu ba, amma wannan na riƙe shi. Ya Allah, ga bawanka can a ƙasar da ba tasa ba, a wuri mai ƙunci, mun rufe shi ta ko'ina mun dawo. Ka yalwata masa, ka buɗe masa ɗaya bakin. In an tambaye shi ko yana jin iska, ya ce yana ji.